Bazara Ta Kama: Mun Cika Dandalin Dara, Amma Ina Muke Ranar Taron Unguwa?



'Yan uwa maza da mata, iyayenmu da matasanmu na Sabo, Ojoo, Shasha, Bodija da sauran unguwannin Ibadan da wannan takarda ke isa gare su, a wannan fitowar ina so ne mu yi magana a kan wani abu da wani zai ga kamar bai kai a ɓata masa tawada ba, wato wasannin da muke yi idan bazara ta kama. Dalili kuwa shi ne, a ganina akwai alaƙa ta kusa tsakanin inda muke zuwa da yamma domin hira da nishaɗi, da kuma 'yancin da kullum muke kukan ana tauye mana a matsayinmu na mazauna wannan gari.

Kowa ya san bazarar nan ba irin ta Arewa ba ce. A Kano ko Sakkwato ko Katsina zafi yakan ɗauki watanni, tun daga Maris har zuwa ƙarshen Mayu, ana sharar gona, ana yaɓen soraye, ana duban gabas. A nan kuwa bazara gajeriya ce, domin ruwan farko yakan sauka tun cikin watan Maris, kafin ka ankara damina ta zauna. A cikin ɗan wannan tsakanin ne mangwaro yake cika kasuwa, 'yan cirani su fara ɗaure kaya domin komawa gona, zafin ɗaki kuma ya koro kowa waje da zarar an idar da sallar La'asar.

To, idan ka zaga unguwanninmu a irin wannan lokaci za ka ga abin sha'awa. Dattawa sun kewaye gurbin dara, mai tsinke da mai dutse kowa da 'ya'yansa 12, 'yan kallo ma sun fi masu wasan zafi. Can gefe maƙwabtanmu Yarbawa suna buga nasu wasan da suke kira ayo, mai ramuka 12 da ƙwayoyi 48. Samari sun kafa duwatsu a fili suna ƙwallo, wasu kuma sun nufi filin wasa na Adamasingba da ke maƙwabtaka da Sabo idan Shooting Stars tana da wasa. Masu kiwon tattabaru suna bisa rufi suna watsa hatsi, kowa yana ƙirga nasa. Idan kuwa 'yan dambe suka sauka a gari, ranar ba ka samun wurin tsayawa, Kudu da Arewa da Guramada kowane ɓangare da magoya bayansa. A cikin gidaje kuma iyayenmu mata sun cika tsofaffin buhuna da bokitai da ƙasa, suna jiran ruwa ya zauna su zuba irin alayyafo da yakuwa da lalo, wanda mutanen nan suke kira ewedu.

Ni dai ban ga aibin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, matuƙar ba a sa caca a ciki ba, kuma ba a bar salla ta wuce ba. Mutumin da ya wuni yana sauke buhunan albasa, ko yana fama da shanu a kara, ko yana zaune a teburin canji, yana da haƙƙin ya huta. Abin da nake so mu lura da shi wani ne daban. Dubi ƙungiyar ƙwallon samarinmu: tana da shugaba, tana da ma'aji, ana tara kuɗi duk mako, ana sayen riguna, ana sa lokaci kuma a cika shi, wanda ya makara a ci shi tara. Dubi filin dambe: akwai mai karɓar kuɗin ƙofa, akwai mai raba faɗa, akwai dokar da babu ɗan damben da ya isa ya taka. Dubi adashin da matanmu suke yi shekara da shekaru, uwar adashi ta riƙe lissafin mutum 20 ko 30 a ka, ba a taɓa jin kwabo ya ɓace ba. Duk wannan shaida ce cewa mun iya tsari, mun iya tara kuɗi, mun iya bin doka idan abin ya shafi zuciyarmu. Tambayar ita ce, me ya sa wannan iyawa take tsayawa a bakin fili?

A kusan kowace unguwa a Ibadan akwai ƙungiyar masu gidaje da 'yan haya, wadda take zama lokaci-lokaci, galibi a ƙarshen mako. A wannan zama ne ake yanke nawa kowane gida zai biya na masu gadin dare, da ƙarfe nawa za a rufe ƙofar layi, da yadda za a tara kuɗin gyaran taransifoma, da inda za a zuba shara, da kuma wanda za a tura ya je ya ga kansila ko Bale idan wata matsala ta taso. A nan ne kuma ake kawo ƙarar wane gida ne yake damun mutane, da wane baƙo ne ba a gane take-takensa ba. Wato dai duk abin da ya shafi barcinka da tashinka, a can ake yanke shi. Amma ku tambayi kanku tsakani da Allah, a unguwannin da muke cakuɗe da sauran jama'a, mu nawa ne muke halartar wannan zama? Da yawanmu sai dai mu aika da kuɗin da aka yanka mana, mu yi ƙorafi a majalisarmu da Hausa, inda wanda ya yanke hukuncin ba zai taɓa ji ba. Mai sayar da shayi ko nama da dare ya wayi gari an ce ƙarfe 10 za a rufe layi, alhali da ya je taron ya faɗi lokacin da yake tashi, da wataƙila an ba shi mabuɗi.

Asalin wannan cuta, a nawa fahimtar, shi ne tunanin cirani da ya ƙi fita daga zukatanmu. An kafa Sabon Ibadan tun a 1916, wato sama da shekara 100 ke nan. Kakanninmu sun zo da fataucin goro da shanu, suka gina masallatai da makarantun allo, suka binne iyayensu a nan. Akwai gidajen da jika da tattaɓa-kunne duk a Sabo aka yanke musu cibiya, sun fi jin Yarbanci a kan wasu Yarbawan Legas. Amma har yau idan ka tambayi mutum sai ya ce maka ai shi zama ne na ɗan lokaci, zai koma gida. Ya yi shekara 40 yana shirin komawa. Katin zaɓensa yana can ƙauyensu, ranar zaɓe kuma ba ya iya zuwa saboda an hana zirga-zirga. Ɗan cirani na gaskiya yana da uzuri, domin shi da ruwa ya sauka zai tafi. Amma wanda 'ya'yansa suke makarantar firamaren unguwa, matarsa take haihuwa a asibitin unguwa, lambatun ƙofar gidansa yake haɗe da na maƙwabcinsa, wannan mazauni ne, kuma ya kamata ya yi zaman mazauni.

Dokar ƙasa ma haka ta ɗauke shi. Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin ya je ko'ina kuma ya zauna ko'ina a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko inda ya fito. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar gida ko fili a kowace jiha. Waɗannan sassa uku mun haddace su, domin su muke karantowa duk ranar da aka taɓa mu. Amma akwai sashe na 24 da ba mu cika ambatonsa ba, wanda ya jero nauyin da ke kan ɗan ƙasa. A cikinsa akwai cewa mutum ya ba da gudummawa mai amfani ga ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta, kuma ya biya harajinsa a kan kari. Ku lura da kyau, al'ummar da yake zaune a cikinta aka ce, babu maganar garin da kakansa ya fito. Ke nan kundin da ya ba mu 'yancin zama a Ibadan, shi ne ya ɗora mana nauyin yi wa Ibadan aiki.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, domin sun sha faɗa mini. Za su ce, Malam Sakatare, ko mun je ba a jin maganarmu, da an fara gardama sai a tuna mana cewa mu baƙi ne. Za su ce yaron da aka haifa a Sabo yakan sha wahala wajen samun takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, idan ya je garin kakansa kuma a ce ba a san shi ba, ya rasa gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati. Wannan gaskiya ce, kuma ba mu kaɗai take ci ba. Kundin da ya hana nuna bambanci, shi ne kuma a sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalin jihar, ba tare da ya warware matsayin wanda aka haifa a wani wuri ba. Tun a 2006 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala a Nijeriya. Kuma adalci ya sa mu faɗa cewa Bayerabe ko Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano yana kuka da irin abin da muke kuka da shi. Wannan gwagwarmaya ce mai tsawo, kuma ƙungiyarmu ba za ta bar ta ba. Amma ina tambaya, ƙauracewa taron unguwa ta taɓa samo wa yaro ɗaya takardar shaida? Wanda aka saba ganinsa a kowane zama, ana sanin sunansa da gidansa, yana da bakin da zai nemi Bale ko kansila ya tsaya wa ɗansa. Wanda ba a taɓa gani ba sai ranar buƙata, da wane ido zai dubi mutane?

Abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya isa ya zame mana darasi. Kamar yadda jaridu suka ruwaito, abin ya faro ne daga sa-in-sa tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago a kan tumatirin da ya zube a ƙofar shagonta. Wani ya shiga maganar, aka yi rashin rai, kafin a ce kwabo an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka daga kowane ɓangare, iyalai da yawa sun tsere. Gwamnonin Kano, Kebbi, Neja da Bauchi sun zo sun jajanta, sun zaga kasuwar tare da gwamnan Oyo, Allah Ya saka musu da alheri. Amma sun koma jihohinsu, mu kuwa da maƙwabtanmu muna nan. Kafin Shasha an yi Shagamu a 1999, an yi Idi-Araba a Legas a 2002, an yi Ile-Ife a 2017. Ba na cewa halartar taro za ta hana duk wata fitina, domin akwai masu neman fitina ko da me aka yi. Abin da nake cewa shi ne, maganar shara a ƙofar shago magana ce da kwamitin kasuwa zai iya kashewa cikin minti 10, idan akwai mutanen da suka saba zama tare, suka san lambar wayar juna, kuma kowane ɓangare yana jin maganarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Shi ya sa na ga bazara ita ce lokacin da ya fi dacewa mu fara, domin akwai aikin da yake jiranmu wanda babu ruwansa da ƙabila. Dattawanmu ba su manta ambaliyar kogin Ogunpa ta ranar 31 ga Agusta, 1980 ba. Matasa kuma sun ga ta ranar 26 ga Agusta, 2011, wadda ta ci rayuka sama da 100, ta karya gadoji, ta lalata wani sashe na madatsar ruwa ta Eleyele. Bayan wannan ne Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 a 2014 domin aikin shawo kan ambaliya a Ibadan. An yashe koguna, an gina gadoji, amma babu kuɗin da zai hana ruwa shiga ɗakinka idan lambatun layinku cike yake da ledar ruwa da robobi da ɓawon rake. Ruwa idan ya taso ba ya tambayar wane ne ɗan asali, wane ne baƙo. Idan muka fito da shebur da baro kafin damina ta zauna, ba tare da jami'in tsafta ya zo da takardar tara ba, to mun yi wa kanmu rigakafi, kuma mun yi maganar da ta fi dogon jawabi shiga kunnen maƙwabta. Aikin gayya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da shi iyayenmu suke nome gonar surukai da gyaran maƙabarta. Addininmu kuma ya girmama haƙƙin maƙwabci ba tare da ya ware ƙabila ba.

Daga lambatu sai akwatin zaɓe. Mutane da yawa ba su san cewa magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani ne mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma ƙuri'ar mutanen garin ce ta kai shi. Ya kai can ne saboda ya shiga jam'iyya, ya shiga harkar gari, har mutane suka san shi. A yau sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha da kundin tsarin mulki ya jero su ne zama ɗan Nijeriya, cika shekara 25 tun bayan gyaran 2018, samun ilimi zuwa matakin sakandare, da tsayawa a ƙarƙashin jam'iyya. Babu sharaɗin zama ɗan asali a ciki. Doka kuma ta ba da dama mutum ya nemi hukumar zaɓe ta dawo masa da rajistarsa zuwa mazaɓar da yake zaune, a lokacin da aka buɗe rajista. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suke da rajista a faɗin ƙasar, amma waɗanda suka fito ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. A jihar Oyo sama da miliyan 3 suke da rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 1 ba. Inda mutane ba sa fitowa, 'yan ɗaruruwan ƙuri'u suna iya sauya kansila. Ga shi kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, ƙaramar hukuma ita ce mafi kusa da kasuwarmu da tasharmu da asibitinmu, kuma ɗan siyasa yana fara ƙirga katin zaɓe kafin ya saurari kuka.

Saboda haka ga shawarwarin da nake gabatarwa ga kowane gida da kowace majalisa kafin ruwa ya kankama.

Na farko, kowace majalisar dara da kowace ƙungiyar ƙwallo ta ware safiyar Asabar ɗaya domin yashe lambatun layinta. A sanar da shugaban masu gidaje tun da wuri, a gayyaci samarin maƙwabta, idan an gama a buga wasan sada zumunci da yamma. A tabbatar an kwashe abin da aka fitar, kada a bar shi a bakin hanya ruwa ya mayar da shi.

Na biyu, kowane layi ya fitar da mutum biyu da za su riƙa halartar taron masu gidaje ba fashi, dattijo ɗaya da matashi ɗaya mai jin Yarbanci sosai, su dawo su ba da rahoto bayan sallar Isha. Haka nan a nemi shiga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na ofishin da ke kusa.

Na uku, iyayenmu mata kada a bar su a baya. Taron iyaye da malamai na makarantar yara, da kwamitin asibitin unguwa, da zaman matan kasuwa a ƙarƙashin Iyaloja, duk wurare ne da muryar uwar adashi za ta yi amfani. Ina roƙon magidanta su ba da izini da ƙarfin gwiwa.

Na huɗu, duk kuɗin da ka biya, na kasuwa ne ko na shara ko na gadi ko haraji, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka, ka adana shi tare da takardar haya da takardun haihuwar yara. Ranar da aka ce ba ka da haƙƙi a rumfar da kake, waɗannan takardu ne za su yi maka magana. Wanda bai iya karanta boko ba, ajin yaƙi da jahilci bai rufe ƙofa ga kowa ba. Ni kaina a irin wannan aji na koyi abin da nake rubuta muku da shi yau, kuma girma bai hana ni ba.

Na biyar, duk wanda ya kai shekara 18 ya yi rajistar zaɓe da zarar an buɗe, wanda nasa yake Arewa kuma alhali nan yake zaune ya dawo da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage wa sarakunanmu na Hausawa daraja, hasali ma sauƙaƙa musu aiki zai yi. Sarki ɗaya ba zai iya halartar taron layi 50 ba, kuma idan ya je gaban Olubadan ko gidan gwamnati, maganarsa takan yi nauyi ne gwargwadon yadda aka san jama'arsa a wajen aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe ina kira ga matasanmu musamman, ku ne kuka tashi da harshe biyu, ku ne kuka yi makaranta tare da 'ya'yan maƙwabta, kun san su sun san ku. Ku ci gaba da ƙwallonku da tattabarunku, amma ku ware wa unguwa awa biyu a wata. Duk layin da ya yi aikin gayya ko ya fitar da wakilansa, ya kawo sunayen ofishin ƙungiya domin mu buga a fitowa ta gaba, sauran su gani su yi koyi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya da fitina, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.

Wassalam.

Naku,
Sakataren Ƙungiya